Ranar da Urpo Ya Turara Mafarauta

Shekara ashirin da biyu Urpo Kettunen ya yi a ƙungiyarmu ta farautar hirvi, kuma in ban da wani akwatin wasiƙu da ya ɗauki alhakinsa wata shekara da hazo ya yi yawa, bindigarsa ba ta taɓa kayar da komai ba. Hirvi kuwa ba ƙaramin nama ba ne da mutum zai ce ya ɓace masa a ciyawa. Ya fi doki tsawo, ga ƙaho kamar an ɗora masa ƙyaure a ka. Amma in ka zauna da Urpo a shagon gahawa na gidan mai, sai ka rantse duk naman da ƙauyenmu ya ci tun zamanin kakanni shi ya harbo. Tare muka tashi da shi, ba na ƙinsa, amma Allah ya sani ya sha kai ni bango.

Abu ɗaya Urpo yake so a duniya, a ce shi ne shugaban farauta. Shugaba shi ke riƙe taswira, shi ke cewa wane tsaya nan, wane tsaya can, shi ke fara sa wuƙa in an kayar. Urpo kuwa kullum bakin titi ake ajiye shi, inda ko zomo ba ya bi, don a tsare rayukan jama'a. Abin yana cin ransa ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa ba. To bana sai Baba Tauno, wanda ya riƙe mu shekara talatin, ya ce gwiwoyinsa sun gaji, a nemi wani. Mu kuwa a watan Agusta muke taro, gida-gida ake zagayawa. Mai masauki ya hura sauna, ɗakin wankan zafi na katako, maza su shiga su yi gumi, a can kan benci a yi zaɓe da ɗaga hannu, sannan a fito a ci abinci da iyali. Sai faɗuwa ta zo daidai da zama, bana layi ya zo gidan Urpo. Abokin takararsa ɗaya ne tak, maƙwabcinsa Raimo mai shanu, mutumin da in ya yi kalma goma a mako matarsa kan tambaye shi ko lafiya.

Da Urpo ya hura saunar gidansu kamar kowa, da wataƙila ya samu ƙuri'a huɗu ko biyar ta tausayi, har da tawa. Amma a watan Yuni 'yarsa ta kai shi Turkiyya mako guda, ya dawo mana da jan hanci da sabon ilimi.

"Jama'a, ashe a duhu muke zaune!" Da haka ya shigo mana shagon gahawa, ko hula bai cire ba. "Mun ɗauka mun iya hutawa. Ku shiga akwatin katako, ku gasa kanku kamar kifi, ku yi ta zane juna da ganye, wai ku nan daɗi kuke ji. Ku je ku ga yadda manya suke yi! Ɗaki ne na tayil tun daga ƙasa har sama, tururi mai laushi, ba wuta ba hayaƙi, ga ƙamshi. Ka shiga da shekara sittin, ka fito da arba'in."

Baba Tauno ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai sau nawa ka shiga?"

"Kullum sau biyu, Baba."

"Ashe saura kaɗan a dawo mana da kai a goye."

Aka yi dariya irin tamu ta ƙasa-ƙasa. Urpo bai ji ba, don in bakinsa yana aiki kunnuwansa hutu suke tafiya.

"Na zauna na auna su biyun," ya ce, "sauna da ɗakin tururi. Sauna wahala ce tsagwaronta. Faskara itace, hura wuta, jira awa biyu, sannan ka watsa ruwa a kan duwatsu zafi ya taso ya mare ka. Ɗakin tururi kuwa zama kawai za ka yi, shi zai yi maka aikin. Ranar taro za ku gani da idonku. Wanda ya iya fitar da ƙauye guda daga duhu, jan mutum goma sha biyu a daji wani abu ne?"

Na ce, "A ina za ka gina shi?"

"Gina me, Aatos? Ga saunar bakin tafki nan tana zaman banza kwana shida a mako. Ita zan gyara."

"Ta surukinka ce fa. Da hannunsa ya sassaƙa gungumen nan."

"Shi ya sa. Da yana raye da ya gode mini."

Raimo yana gefe yana juya cokali. Ya ɗaga ido ya dubi Urpo, ya mayar kan kofinsa. A wurin Raimo wannan doguwar magana ce.

A gida matarsa Terttu ta yi iya nata. "Ka yi shi a gareji mana," ta ce. "In ya lalace mota ce kawai za ta sha wahala."

"Manyan baƙi a gareji? Terttu, matar shugaba za ki zama, ki fara koyon tunani irin na manya."

"Yanzu dai matar mai sauna ce ni. Ranar Asabar a ina za mu yi wanka?"

"A Turkiyya, a nan bayan gidanki."

Saura mako uku taro ya fara aiki, ni kuma tsautsayi ya sa na je kallo. Mahaifiyar Terttu, Inna Aune, shekararta tamanin da bakwai, ta fito da kujerarta ta kafa a kan tudu tana saƙa safa. Mijinta ne ya gina saunar, a ciki ta haifi 'ya'yanta biyu.

"Inna, ki matsa kada ƙura ta same ki," in ji Urpo.

"Na ga yaƙi, ɗana. Wannan ma zan gani."

Murhun saunar ya ƙi fita ta ƙofa. Urpo ya ce murhu bai isa ya yi masa gardama ba, ya ɗaura masa igiya ya maƙala a tarakta ya taka. Murhu ya fito, ya taho da ƙofa da madogaranta da rabin bututun hayaƙi. Duwatsun murhun da marigayi ya tsinto ɗaya bayan ɗaya kuwa ya lode su a baro ya tura kan gadar katakon da ta shiga tafki, ya ce tarkacen zamanin jahiliyya ne. Duwatsu suka tafi, baro ya bi su, Urpo ya bi baro. Ya fito yana tofar da ciyawar ruwa yana cewa da ma yana so ya auna zurfin wurin.

Sai aka zo tayil. Na ce masa, "Urpo, ba a manna tayil a jikin gungume. Katako yana motsi, yana numfashi."

"Zan hana shi numfashin."

Kwana uku yana manni. Rana ta huɗu da safe ya buɗe ɗaki ya tarar rabin tayil ɗin a ƙasa. Ya ce laifin gam ne, ya sayo wani mai warin da ya kori karen gidan zuwa gidan Raimo, ya sake mannawa. Ya toshe taga, ya toshe ramin shan iska, wai kada tururi ya gudu. Da ya ga rufin ma katako ne, sai ya je lambu ya yaye ledar da ta rufe rumfar tumatirin Terttu ya shimfiɗa a sama. Kwana biyu aka yi ana ruwa da iska, tumatir ya kwanta kaf.

"Wata huɗu ina rainonsu!" Terttu ta fito da ƙarfen kwasar toka a hannu.

"Tumatir nawa ne a duniya, Terttu? Shugaba nawa ne a ƙauyen nan?"

"Ɗaya, kuma ba kai ba ne."

"Tukuna."

Ɗaki ya samu, saura tururi. Ya ce injin da ake sayarwa na ragwaye ne, mai basira da abin da ke gabansa yake aiki. Ya bi gidaje ya aro butar lantarki goma sha ɗaya. Wutar gidansa ta ɗauke tun a buta ta uku, don haka ya ja waya ta cikin shinge ya jona a garken Raimo ba tare da ya ce masa uffan ba. Ya kunna butoci duka daidai lokacin tatsar yamma. Injin tatsa ya tsaya cak, shanu talatin suka ɗauki kuka. Can sai ga Raimo yana tafe a hankali yana naɗe waya a gwiwar hannunsa. Ya naɗe ta tsaf har ƙofar saunar, ya rataya wa Urpo a wuya, ya juya ya koma.

"Kun gani?" in ji Urpo. "Tsoro ne ya kama shi. Ya san in ɗakin nan ya tashi, takara ta ƙare."

Basirar da ta kashe mu a kicin ya tsince ta. Kowane gida a nan yana da tukunyar matse 'ya'yan itace mai hawa uku. Ruwa a ƙasa, 'ya'yan a sama, tururi ya hau ya dafa su, ruwansu ya tsatso ya taru a hawan tsakiya, ya bi wani ɗan tiyo na gefe ya zuba a kwalba. Ba wanda bai san wannan ba sai Urpo, don shekara talatin da aure bai taɓa wuce ƙofar kicin ba sai in faranti zai karɓa. Ran nan ya leƙa neman almakashi, ya ga tukunyar Terttu tana huci, ya ga tiyo a gefenta, ya daka tsalle. A ganinsa ga injin tururi nan har da bututunsa, mata sun ɓoye shi shekara da shekaru.

Matsalar ita ce tsakiyar kakar mustikka ake, 'ya'yan dajin nan ƙanana baƙaƙe waɗanda in ka ci ƙwaya biyar sai harshenka ya kwana yana ba da shaida. Kowace mace tana tsare da tukunyarta. Gidana ya fara zuwa, wurin matata Vuokko.

"Tukunyata a wannan makon? Bokiti biyar na tsinto, Urpo. Har yanzu bayana bai miƙe ba, sauro ya gama da ƙafafuna."

"Kawo har bokitan. Ni zan dafa miki, ki huta. Ku sami ruwanku na shekara, mu sami tururi mai ƙamshi. Kowa ya ci riba."

"Ka iya kuwa?"

"Haba Vuokko. Mutumin da ya ga Turkiyya?"

Gajiya ta sa ta yarda, har ta auna masa sukari ta haɗa masa. Da aka ji Vuokko ta bayar, gida biyar suka bi. Inna Aune ma ta ba da tukunyarta, amma mustikkarta ko ƙwaya ɗaya ta hana. Ba wanda ya kula da wannan a lokacin.

Saunar a gangare take, bayanta a jingine da tudu, ƙasan bayan daidai da rufi. A nan Urpo ya jera tukwane bakwai a kan murhun gas, ya haɗa tiyonsu duka da wani dogon bututun ƙarfe da ya huhhuda, ya zura shi ta bango ya bi ƙarƙashin rufi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya kewaye wurin da tamfol ya ce sirri ne, ko Terttu ba ta leƙa ba. Ranar Juma'a ya gwada da ruwa zalla, ba 'ya'yan itace, tururi ya fito ta huji fes. Ya ƙara da buta biyu a ƙarƙashin benci, ya maƙala wani ɗan ƙwan fitila shuɗi, wai irinsa ne a can. Duk wannan daga baya na ji. Da na zaga bayan ɗakin nan sau ɗaya, da ko da bindiga ba a shigar da ni ba.

Asabar ta zo da rana mai kyau. Mata suna jera tebura a kan ciyawa, ga sabon dankali, ga kifi mai hayaƙi, ga baƙin burodi da tsiran nama. Urpo ya fito daga bayan tamfol cikin farar rigar wanka mai tambarin otal, wadda ya ce kyauta aka ba shi don ganin girmansa. Ya yi jawabi na minti ashirin. Ya ce jikokinmu za su riƙa raba tarihi gida biyu, kafin yau da bayan yau. Sannan ya ce kowa ya bar tawul ɗinsa a ƙugu, don a Turkiyya ba a zama tsirara kamar ƙauyawa. Muka shiga mu goma sha biyu, ya ja ƙofa ya rufe.

Ciki duhu, sai ɗan shuɗin haske da hazo. Bencin tayil ga santsi ga sanyi. Baba Tauno ya zauna, ya zame, aka kamo shi, ya sake zama. Aka yi shiru yadda aka saba, don mu a sauna ba ma surutu.

Can Baba Tauno ya ce, "Yaushe za a kunna?"

"A kunne yake, Baba."

"Au. Na ɗauka ɗakin jira ne. Ina bokiti da ludayin watsa ruwa?"

"Babu. An wuce wannan zamanin."

"To me mutum zai yi da hannunsa?"

"Hutawa zai yi."

"In hutu ne irin wannan ai ina da kujera a gida, kuma ba ta jiƙe ba."

Sai na ji ɗis a kafaɗata, mai ɗumi. Sai wani a ka. Kafin a jima yayyafi ake yi sosai daga bututun rufi, ɗaki ya cika da ƙamshin mustikka. Wani daga ƙarshen benci ya ce rufin yana yoyo.

"Ba yoyo ba ne!" in ji Urpo, cike da murna, don shi ma bai yi zaton abin zai yi kyau haka ba. "Raɓar ƙamshi ce. A can sai manyan baƙi ake yi wa. Ku shafa, kada ta tafi a banza. Ku goga a fuska, a gemu, a ƙirji. Kowa ya cuɗa bayan na kusa da shi."

Ina jin kunyar faɗa, amma mun shafa. Mutum goma sha biyu, ƙaraminmu yana da jika, muka zauna a duhu ana cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Ni na cuɗa Baba Tauno, har na tsefe masa gemu da yatsu. A shuɗin fitilar nan kowa baƙi-baƙi yake tun shigowarmu, ba abin da ido zai bambanta. Da na lashi leɓena ne na ji zaƙi.

"Urpo, wannan raɓar taka akwai sukari a ciki."

"Gumin mai lafiya haka yake. Dattin shekara sittin ne yake fita."

"Cinyoyina sun manne da benci," in ji wani.

"Alamar ya fara aiki ke nan."

Raɓa ta ƙara zafi. Gam ya ji laima ya saki, tayil ya fara faɗowa ɗaya-ɗaya yana fashewa a tsakanin ƙafafunmu. Sannan bututun ya goce daga ƙugiyarsa, bakinsa ya sauko daidai kan Baba Tauno ya juye masa abin da ya taru a ciki.

"A buɗe ƙofa," in ji Baba Tauno, a hankali ƙwarai.

"Baba, a yi zaɓen tukuna mana, tun da kowa yana cikin nishaɗi."

"Ba na ganin hannun kowa. Nawa ma ba na gani. A buɗe ƙofa."

Ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Bayan tarakta ta tumɓuke ta, Urpo ne ya mayar da ita da kansa, ya matse ta don kada tururi ya fita, kuma ya sa ta tana buɗewa ciki, abin da ko mahaukaci ba ya yi wa sauna. Yanzu ta sha laima ta kumbura. Wanda ya kama mariƙi sai hannunsa ya sulɓe. Mutum uku suka ja tare, suka faɗi tare, suka kwashe ƙafafun mutum biyu. Buta ɗaya ta kife, aka yi ta tsalle a duhu ana ambaton iyayen Urpo.

"Kada kowa ya firgita, ina nan!" in ji Urpo. Ya ja ƙofar sau biyu, sai ya manna baki a jikinta ya kware murya. "Terttu! Terttu, ki zo, za mu mutu!"

Terttu tana can tudu wurin tebura, ga leda ga tayil, ba ta ji ba. Raimo ne ya taso daga kusurwarsa, ya ɗauke Urpo ya ajiye gefe, ya lalubo ɓallin tayil a ƙasa, ya ƙwanƙwasa ƙusoshin maƙalan ƙofar suka fita. Ya ciccibi ƙofar gaba ɗaya ya jingine ta da bango.

"Ku fita," ya ce.

Muka fito cikin hasken rana, muka dubi juna. Ban san yadda zan kwatanta ba. Tun daga gashi har tafin ƙafa kowa ya koma shunayya mai duhu, kamar an tsamo mu daga rijiyar marina, sai idanu kawai ke fari. Farin gemun Baba Tauno, wanda ake gani daga ƙetaren tafki, ya fi na kowa kamawa, kuma aikin hannuna ne. Rigar otal ɗin Urpo ba a magana. Ta bayanmu kuma ruwan mustikka na gida shida yana malalowa ta bakin ƙofa yana bin gangare.

Mata suka tsaya da faranti a hannu. Ba wadda ta yi dariya da farko, don ba su gane mazajensu ba. Vuokko ce ta matso, ta dangwali kafaɗata da yatsa ta kai baki.

"Aatos. Bokiti biyar ɗina ne a jikinka?"

"Ba ni kaɗai ba ne, an raba."

"Kwana huɗu ina duƙe a daji!"

Kafin ta kai hannu gare ni, rina sun riga ta. Watan Agusta ne, ga mutum goma sha biyu an shafe su da sukari an fito da su rana. Daga ina suka taso ban sani ba, sai dai muka ji wuta a wuya da kunne. Baba Tauno, mai gwiwoyin da suka gaji, shi ya riga kowa isa ƙarshen gada. Muka afka tafki kowa riƙe da tawul ɗinsa, muka nutse har wuya, ruwa ya yi jirwaye a kewayenmu. Sai a sannan dariya ta ɓarke a tudu, har wata ta zauna a kan kwanon dankali.

Mata suka sauko suka jeru a kan gada. Inna Aune ta zo a ƙarshe da sandarta, aka kawo mata kujera.

"Inna," in ji Terttu, "daga inda kike zama ai ana hango bayan tamfol. Kin ga inda ya jona tiyon?"

"Tun ranar Alhamis."

"Kika yi shiru?"

"An tambaye ni? Ranar da ya zubar da duwatsun ubanki a ruwa, ya tambaye ni?"

Urpo ya ɗago haɓa daga ruwa, kunnensa ɗaya ya kumbura ya yi biyun ɗayan. "Jama'a, a yi adalci. Tsarin ba shi da laifi, tukwanen ne ba na zamani ba. In aka ba ni mako guda..."

"An ba ka mako uku," in ji Terttu. "Ka shiga da sauna da tumatir da abin shan gida shida. Nuna mini abin da ka fito da shi."

"Ƙwarewa."

"To ranar Asabar sai ka yi wanka da ita."

Baba Tauno yana can yana dirzar gemu da yashi, gemu ya ce ina. Washegari Lahadi shi ne zai yi karatu a gaban coci. Da ya tabbata ba fita zai yi ba, sai ya bari, ya juyo ya dube mu.

"Doka ta ce a yi zaɓe kafin a sa kaya," ya ce. "Ba wanda ya sa kaya. Aatos, ina littafi?"

Ni ne magatakarda, littafin yana aljihun rigata a tudu. Vuokko ta ɗauko ta buɗe a kan gwiwarta, ta riƙe biro tana hararata.

"Masu son Raimo."

Hannuwa suka fito daga ruwa, shunayya, suna ɗiga. Na ƙirga goma, har da nawa. Raimo bai ɗaga ba, yana kallon wata agwagwa.

"Masu son Urpo."

Hannu ɗaya ya tashi, ya miƙe sosai har hannun rigar otal ya zame zuwa kafaɗa. Urpo ya dubi dama, ya dubi hagu, ya dubi mutanen da ya yi shekara ashirin da biyu yana bi a baya ɗauke da gorar gahawa. Ba wanda ya yarda suka haɗa ido. Gaskiya a wannan lokacin tausayinsa ya kama ni sosai, har na ji hannuna na hagu yana motsi a ƙarƙashin ruwa. Sai na dubi Vuokko a kan gada, na bar shi inda yake.

Hannun Urpo ya fara saukowa a hankali. Ya lanƙwashe a gwiwa, ya sauka a kan ƙeyarsa, yatsu suka shiga gashi suka fara aiki.

Aikina ne in tabbatar, don haka na ce, "Urpo, hannun nan ƙuri'a ce ko susa?"

Rina ɗaya ta zagaya kansa ta wuce.

"Susa ce," ya ce.

Vuokko ta rubuta, sannan ta miƙe ta karanta da ƙarfi yadda har na tudu za su ji: "Raimo, goma. Urpo, babu. Susa, ɗaya."